Muryar da ba ta bin mai ita kabari

Duk lokacin da wani mawaƙi ya rasu, kafin a dawo daga maƙabarta muhawara ta riga ta kaure a Facebook. Wasu na roƙon jama'a su goge waƙoƙinsa daga wayoyinsu don kada zunubi ya riƙa iske shi a kabari, wasu kuma na cewa haƙƙin mamaci addu'a ce, waƙarsa kuwa tarihi ce. Ana ɗora wa wayar hannu alhakin wannan gardama, alhali gardamar ta girme ta nesa ba kusa ba.

Mutuwa daɗaɗɗen jigo ce a waƙar Hausa. Malaman ƙarni na 19 sun tsara waƙoƙin wa'azi kan kwanciyar kabari da hisabi, Nana Asma'u ta yi wa 'yan uwanta marsiyya, makaɗan fada kuma sukan jero sarakunan da suka shuɗe kafin su wasa mai ci. Sai dai a wancan zamani idan makaɗi ya mutu, muryarsa ta tafi ke nan. Ɗansa ko babban ɗan amshinsa ya gaji kotso ko taushi, ya sauya sunayen iyayen gida, waƙar ta koma tasa.

Abin da ya sauya lissafin, wanda ba a cika waiwayarsa ba, shi ne kaset. Garmaho da rediyo sun riga shi zuwa, amma garmaho kayan masu hali ne, rediyo kuwa sai abin da gidan ya ga damar sakawa. Daga shekarun 1970 rikoda mai batir ta shiga shagon tela da teburin mai shayi da gaban motar haya, kowa ya zama mai iya tayar da muryar mamaci da ɗan yatsa. A rumfar da ake kwafar waƙa, a nan ake kwafar wa'azi, sau da yawa mai saye ɗaya ne. Wanda ya ji malami yana karanta hadisin nan cewa ayyukan ɗan Adam suna yankewa da mutuwarsa in ban da sadaka mai gudana da ilimi mai amfani da ɗa nagari mai addu'a, ba zai daɗe ba zai tambayi kansa: shin kiɗan ma gudana yake yi? A ganina tushen yana nan, domin saɓanin malamai kan hukuncin kiɗa tsoho ne, amma da can a kan rayayye ake yin sa.

Sa'ad da Mamman Shata ya rasu a 1999, ƙasar cike take da kaset ɗinsa. Sa'ad da Ɗan Maraya Jos ya rasu a 2015, waƙoƙin sun koma cikin memorin waya. Dattijon da ya kunna irin waɗannan waƙoƙi a yau yakan lura cewa mawaƙin ya rasu, yawancin 'yan amshi sun rasu, attajirin da ake wasawa ma ya daɗe a ƙasa. Sai ya girgiza kai ya ce Allah ya jiƙan maza, amma ba ya kashe waƙar sai ta kai ƙarshe.