Waiwaye: Yadda Kaɗaici Ya Riski Dattawan Kaduna

A ƙasar Hausa ta da, tsufa ba ya raba mutum da jama'a, domin dattijo yana zaune ne a tsakiyar gandu, zaurensa ne majalisa, kuma ba a ɗaura aure ko a raɗa suna sai an nemi albarkar bakinsa. Sai dai Kaduna ba a kan gandu aka kafa ta ba. Gari ne da Turawa suka mayar hedikwatar Arewa a 1917 bayan sun taso daga Zungeru, kuma yawancin waɗanda suka cika shi aiki ne ya kawo su, wasu a jirgin ƙasa, wasu a soja ko ofisoshin gwamnati, daga baya kuma masaƙu. Saurayin da ya baro Katsina ko Bida ko Zonkwa ya bar danginsa a can, sai abokan aiki da maƙwabta suka zame masa 'yan'uwa.

Masaƙar Kaduna Textiles Limited (KTL) ta fara aiki a Kakuri a 1957, sannan masaƙun United Nigerian Textiles Limited (UNTL) da Arewa Textiles suka biyo baya a shekarun 1960. Dubban mutanen da suka yi ƙuruciyarsu a gaban injin saƙa ba albashi kaɗai suka samu a can ba, domin a can suke zuba adashe, a can ake sanar da haihuwa da rasuwa, daga can kuma ake ɗunguma zuwa suna ko jana'iza. Da aka rufe KTL a 2002, UNTL kuma ta dakatar da aiki a 2007, wannan zumunci ya watse tare da aikin, kuma da yawa daga cikin ma'aikatan sun shafe shekaru suna jiran haƙƙoƙinsu har furfura ta cim musu.

A ganina, abin da ya fi yi wa dattawan garin nan illa shi ne rikicin shekarar 2000, da na 2002, da wanda ya biyo bayan zaɓen 2011. Mutane sun sayar da gidajen da suka yi shekara talatin a ciki, Musulmi suka fi karkata Tudun Wada da Rigasa da Kawo, Kirista kuma suka nufi Sabon Tasha da Narayi da sauran unguwannin kudancin kogi. Matashi yana iya yin sababbin abokai a sabuwar unguwa, amma mai shekara sittin da ya rabu da maƙwabcin da suka yi renon 'ya'ya tare da wuya ya sake samun kamarsa. Na san wani dattijo da ke shimfiɗa tabarma a ƙofar gida bayan la'asar, rediyo a gefensa, matasa suna wucewa suna cewa "Baba, barka da hutawa," yana amsawa da fara'a, amma babu mai tsayawa, domin babu wanda ya san shi a zamanin da yake da ƙarfinsa.

Lamarin tsofaffin mata ya fi ɓoyuwa. Wadda mijinta ya rasu, 'ya'ya suka tafi Abuja ko Legas neman abinci, biki da suna da Islamiyya ne suka rage mata, kuma kunya ba ta barin ta shiga gidan biki hannu rabbana. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin Keke Napep ya ninka, saboda haka takan ce ƙafa ce ke ciwo, alhali kuɗin mota da na gudummawa ne babu. Kafin nan dokar kullen korona ta 2020 ta rufe masallatai da majami'u na tsawon watanni, wasu kuma ba su koma fita kamar da ba.

A 2018 Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya hannu a dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa, a 2021 kuma aka amince da manufar ƙasa kan tsufa. Mataki ne mai kyau, amma har yanzu bai iso ƙofar gidan wancan dattijo ba. Ko sababbin titunan da aka faɗaɗa a garin tun 2019, waɗanda masu mota ke yabawa, mai ciwon gwiwa da yanar ido yakan daɗe a bakinsu yana jiran yaron da zai kama hannunsa ya tsallakar da shi zuwa masallacin Juma'a.