Jemage mai launin toka: dabbar da makomarta ta rataya a kan 'yan kogwanni

Wane irin jemage ne wannan, kuma a ina yake zaune?

Ƙaramin jemage ne na kudu maso gabashin Amurka, musamman jihohin Alabama, Tennessee, Kentucky, Missouri da arewacin Arkansas, inda ruwa ya daɗe yana rarake duwatsun farar ƙasa har suka zama kogwanni. Masana suna kiransa Myotis grisescens, sunan da Arthur Howell ya raɗa masa a 1909 bisa samfurin da aka samo a kogon Nickajack da ke Tennessee. Nauyinsa giram 7 zuwa 16 ne, don haka ya fi kusa da birbiri a kan manyan jemagun da muka saba gani rataye a bishiyoyi. Ana bambanta shi da danginsa ta gashinsa, wanda launinsa ɗaya ne daga gindi har tsini, da kuma fatar fiffikensa da take manne da idon sawu maimakon gindin yatsa.

Me yake ci?

Ƙwari yake ci, galibi waɗanda suke ƙyanƙyashewa a cikin ruwa. Da magariba yakan fita ya bi saman koguna da tafkuna, yana fitar da ƙara mai tsini yana sauraron amsa-kuwwarta, ta haka yake gane inda abincinsa yake cikin duhu.

Me ya sa kogo yake da muhimmanci a gare shi haka?

Jemagu da yawa sukan fake a kogon bishiya ko rufin gida, amma wannan kusan duk rayuwarsa a kogon dutse take, kuma ba kowane kogo ne yake yi masa ba. A lokacin hunturu yana buƙatar kogo mai zurfi wanda yake tara iska mai sanyi, domin ya yi dogon barcin watanni yana rayuwa da kitsen da ya tara. Idan zafi ya shigo, matan sukan koma kogo mai ɗumi kusa da kogi, su cunkushe dubbai a rufinsa domin zafin jikinsu ya taimaka wa jarirai su girma. Kogwannin da suka cika sharaɗin hunturu kaɗan ne ƙwarai, har ta kai kusan kashi 95 cikin ɗari na jinsin baki ɗaya suna barci a kogwannin da ba su kai ashirin ba. Kogon Fern da ke Alabama shi kaɗai yana ɗaukar fiye da miliyan guda.

Yaya haihuwarsa take?

Barbara takan auku kafin shiga barci, sai macen ta adana maniyyin a jikinta har hunturu ya wuce kafin ciki ya shiga. Ɗa ɗaya tak take haifa a shekara, a ƙarshen Mayu ko cikin Yuni, kuma yakan fara tashi bayan kwana 20 zuwa 25. Dabbar da take haihuwa a hankali haka ba ta saurin mai da abin da ta rasa.

Mene ne ya jefa shi cikin haɗarin ƙarewa?

Babban dalili shi ne shigar mutane kogwannin. Duk lokacin da haske ko hayaniya suka tashe shi daga barcin hunturu, yakan ƙona kitsen da ya kamata ya kai shi kwanaki masu yawa, kuma idan hakan ya maimaitu yunwa takan kashe shi kafin ƙwari su dawo. A kogon haihuwa kuwa, firgici yakan sa iyaye su saki jariransu su faɗo ƙasa. Ga kuma madatsun ruwa da suka shanye wasu kogwanni, kamar yadda ruwa ya malale bakin Nickajack a 1967, ga maganin ƙwari, ga saran dazukan bakin koguna. A 1976 gwamnatin Amurka ta sa shi cikin jerin dabbobin da ke fuskantar ƙarewa.

Shin matakan kariya sun yi amfani?

Sun yi, kuma a ganina dalilin nasarar shi ne wannan taruwa da ta zame masa rauni: idan aka tsare kogwanni kaɗan, an tsare yawancin jinsin. Binciken masanin jemagu Merlin Tuttle ya taimaka wajen gano kogwannin da suka fi muhimmanci, aka fitar da shirin farfaɗo da shi a 1982, aka kuma mai da kogwanni irin su Fern da Sauta gandun da hukuma take tsarewa. An koyi darasi mai tsada game da ƙyamaren ƙarfe da ake kafawa a bakin kogo don hana mutane shiga, domin wasu na farko sun tare iska ko sun hana jemagun wucewa har suka ƙaurace wa kogon. Daga baya aka gyara ƙirar, a wasu wuraren kuma aka koma yin shinge nesa da bakin kogo. Yawansu ya ƙaru a wurare da dama.

Cutar farin hanci fa?

Cuta ce ta jemagu masu barcin hunturu, wata irin funfuna da take fitowa fari-fari a hancinsu ce take haddasa ta. An fara ganinta a jihar New York a 2006, ta kuma hallaka miliyoyin jemagu a Arewacin Amurka. An tabbatar da ita a jikin wannan jemage a Tennessee a 2012, amma ba ta yi masa irin ɓarnar da ta yi wa wasu danginsa ba. Duk da haka ana rufe kogwannin ga masu yawon buɗe ido, masu bincike kuma suna tsabtace tufafi da takalmansu kafin su shiga wani kogon.