Tsohuwar laftof ta ƙi tashi: a wane mataki ta tsaya?

Masu ajiye tsofaffin kwamfutocin tafi-da-gidanka, irin su ThinkPad, Toshiba Satellite da Compaq Armada na shekarun 1995 zuwa 2005, kusan kukansu ɗaya ne: an danna maɓalli, amma Windows 98 ko XP ta ƙi fitowa. Da yawa nan take sai su ɗora wa Windows laifi, su zarce fomatin. Alhali kwamfuta hawa-hawa take tashi. Wuta ta shiga, BIOS, wato 'yar manhajar da ke zaune cikin injin tun daga kamfani, ya duba kayan ciki, ya nemo faifan ajiya, ya karanta sashensa na farko, sannan ya miƙa wa Windows ragama. Kowane mataki da irin ciwonsa, kuma abin da ya bayyana a sikirin ne ke faɗa maka inda aka tsaya.

Na danna maɓalli, ko fitila ba ta kama ba. Ta mutu ke nan?

Ba lallai ba. Fara da caja. Juya laftof ɗin ka karanta bolt ɗin da aka rubuta a ƙarƙashinta, sannan ka auna abin da cajar ke fitarwa da mita, kada ka yarda da rubutun jikinta kawai. ThinkPad na wancan zamani bolt 16 suke sha, Toshiba da yawa kuma 15. Don bakin caja ya shiga rami ba shi ne ya nuna tata ba ce. Daga nan ka cire babban batir gaba ɗaya ka kunna ta da caja kaɗai, domin batirin da ya yi shekara ashirin a mace yakan hana injin tashi. In duk an yi haka shiru, zargi ya koma kan kafasitoci, wato ƙananan kayan riƙe wuta da ke madabod, babban allon cikin injin. Na farkon shekarun 1990 sukan zubar da ruwan cikinsu, ana gane su da ɗan maiƙo a gindinsu da ƙarni irin na kifi. Wannan kuma aikin mai dalma ne.

Fanka na juyawa, amma sikirin baƙi ƙirin.

Haska sikirin ɗin da tocila daga kusa, ta gefe. In ka hango rubutu dishi-dishi, kwamfutar ta tashi, fitilar bayan gilashin ce ta mutu ko ɗan allon da ke ba ta wuta. Jona wani sikirin ta kafar VGA ka tabbatar. In can ma babu komai, saurari ƙarar da take yi, domin BIOS yakan yi kuka da adadin da ke nuna abin da ya gaza, kuma littafin kowane samfuri yana da fassararsa. Mafi yawa RAM ne, wato ɗan allon ƙwaƙwalwar aiki ta kwamfuta. Cire shi, goge haƙoransa na zinare da abin goge fensir, ka mayar da guda ɗaya kawai ka gwada. In sabon RAM ka sa, sani cewa ba duk wanda ya shiga gurbi ne ke aiki ba. Laftof masu Pentium II da III da ke kan cif ɗin 440BX na Intel suna son RAM mai megabayit 256 ya kasance mai ƙwayoyin cif 16 a jikinsa. Mai ƙwayoyi 8 ko dai su ga rabinsa, ko su ƙi shi sam.

Ta nuna lamba 161 da 163, wata kuma ta rubuta "CMOS checksum error". Mene ne wannan?

Abin ya zo da sauƙi. A cikin kowace laftof akwai ɗan ƙaramin batir, daban da babban, wanda ke riƙe agogo da saitin BIOS ko da an kashe wuta. A ThinkPad 161 na nufin wannan batir ya mutu, 163 kuma kwanan wata da lokaci sun ɓace. Samfura irin su ThinkPad 600 sukan kafe a nan, ba gaba ba baya, har sai an sa sabo an gyara agogo. Galibi batir ne zagaye mai bolt 3, CR2032 ko CR2025, naɗe cikin leda da 'yan wayoyi biyu. A kwamfutocin 386 da 486 mutuwarsa tana tafiya har da bayanin faifan ajiya, don haka sai ka sake rubuta adadin silinda, kai da sashe da hannu, wato lambobin da ke bayyana tsarin faifan. Lambobin suna nan a takardar da ke manne a bayan faifan.

Inda ake kukan targaɗe sai ga karaya shi ne Toshiba na tsakiyar shekarun 1990. Yawancinsu batura masu caji ne a ciki, irin NiMH, kuma in sun tsufa yoyo suke yi. Ruwan yakan bi cikin waya a hankali har ya isa madabod ya cinye layukan tagulla. In ka buɗe ka ga kore-kore ko farin gari a bakin soket, cire baturan a ranar, ko da injin yana aiki lafiya. A goge wurin da ɗan farin khal a auduga, a bi da sinadarin isopropyl, a bar shi ya bushe sarai.

Akwai kuma tarkon da masu ThinkPad suka sani. In mai ita na farko ya sa kalmar sirrin shugaba a BIOS, ba a wurin da batir ke riƙewa take ba, a wani cif daban take. Cire batir ba ya goge ta, hasali ma shi ke sa injin ya fara tambayarta. Kafin ka taɓa batirin, shiga BIOS ka duba ko akwai kulle.

Ta ina ake shiga BIOS ɗin? F2 ta ƙi.

Kowane kamfani da ƙofarsa. Dell F2, ThinkPad a riƙe F1 ana kunnawa, tsofaffin Toshiba a riƙe Esc sannan a danna F1, Compaq F10. Compaq ɗin ne mai wuyar sha'ani, domin wasu samfuran LTE da Armada a wani ɓoyayyen ɓangare na faifan ajiya suka ajiye manhajar saitin. Ka sauya faifai, F10 ta daina aiki, sai ka nemo fulofin saiti na wannan samfurin.

Ta wuce BIOS, sai ta ce "Operating System not found".

Duba ko an manta fulofi ko filashi a jiki. Abin dariya ne, amma yana faruwa. Sannan shiga BIOS ka ga ko yana ganin faifan ajiya. In ba ya gani, kasa kunne. Faifai mai lafiya za ka ji ya ɗau juyi, ya yi ɗan ƙaras-ƙaras, ya daidaita. Mai ƙas-ƙas-ƙas ba ƙaƙƙautawa yana bakin mutuwa. In kuma shiru ne, zaro shi ka duba haƙoransa 44, ko ɗaya ya lanƙwashe.

In akwai abin da kake so a ciki, daina kunnawa da kashewa, kowane tashi rage masa kwana yake. Haɗa shi da wata kwamfuta ta adaftar USB, ka kwashe kwafin faifan gaba ɗaya da manhaja irin ddrescue, wadda ke fara ɗebe wurare masu lafiya kafin ta koma kan masu rauni. Kada ka sa masa ScanDisk, manhajar Windows mai duba faifai da gyara shi, kafin wannan.

In BIOS yana ganinsa, to mai yiwuwa sashen farko ne ya lalace, wato MBR, bayit 512 kacal da ke ɗauke da umarnin tashi da teburin rabon faifai. In Windows 98 ce a kai, tashi da fulofinta, ka rubuta fdisk /mbr, sannan sys c:. Ka kuma duba cikin fdisk ko an yi wa ɓangaren C alamar mai tashi, harafin A. Ba tare da ita ba, ko fayilolin Windows suna nan cif, ba za a je gare su ba.

Na sa sabon faifai, ko katin CF, irin katin ajiya na kyamara, da adafta, amma sai ɗan layi ke ƙyaftawa a kusurwa.

Nan ne mutane suka fi shan wuya, kuma son babba ne ke jawo musu. Tsohon BIOS yana da iyakar abin da zai iya ƙirgawa. Na kafin 1994 a megabayit 528 suke tsayawa. Na bayansu har wajen 1998 a giga 8.4. Wasu na kamfanin Award in suka ga abin da ya wuce giga 32 sai su daskare tun kafin a je ko'ina. Sai kuma katangar giga 137, wadda Windows 98 ba ta tsallake ta, XP ma sai da aka yi mata gyaran SP1. Ita ma manhajar da tata iyakar. DOS 6.22 da Windows 95 ta farko tsarin jera fayiloli na FAT16 kaɗai suka sani, ɓangare ɗaya ba ya wuce giga 2. FAT32 sai a 1996 ta zo da Windows 95 OSR2. Fdisk na Windows 98 kuma in faifai ya haura giga 64 lissafinsa rikicewa yake. A ganina katin giga 4 ko 8 ya ishi Windows 98 da duk abin da za ka ɗora mata, kuma ya raba ka da yawancin wannan rigima.

Shi kuwa layin da ke ƙyaftawa, dalilinsa daban ne. Tsohon BIOS da silinda, kai da sashe yake gane wurare a faifai, kuma lokacin fomatin ana rubuta waɗannan lambobi a sashen tashi. In a sabuwar kwamfuta ka raba katin ta USB, lissafin da ta rubuta zai iya saɓa wa na tsohuwar. Sai umarnin tashi ya je neman fayil a inda babu shi, ya tsaya cak ba tare da ya ce uffan ba. Magani shi ne a yi komai a cikin laftof ɗin da kanta: goge duk rabon da ke kai da fdisk, yi sabo, sa masa alamar tashi, rubuta fdisk /mbr tunda katuna da yawa ba sa zuwa da umarnin tashi, sannan format c: /s. Faifan da aka raba da tsarin GPT na zamani kuwa, waɗannan manhajoji ba sa tashi daga kansa ko kaɗan.

Ga mai son XP a katin CF, yawancin katunan kyamara suna gabatar da kansu a matsayin abin cirewa, XP kuma ba ta son zama a irinsu. Katin masana'antu ko adaftar mSATA ya fi.

Ta ƙi tashi daga filashi, CD ɗin ma ba ta karantawa. Ta yaya zan ɗora Windows?

Tashi daga USB sai farkon shekarun 2000 ya fara yaɗuwa, don haka kada ka wahalar da kanka da injin 1998, sai dai ta hanyar manhajar Plop Boot Manager da ake tayarwa daga fulofi ko CD. Faifan Windows 95 ba ya tashi da kansa, na 98 ma ba duka ba. Idon tsohon abin karanta CD ya raunana, yakan ƙi CD-RW, ya fi karɓar CD-R da aka buga a hankali. Wasu injinan fulofi kuma da bel na roba suke juyawa, wanda kan narke ya zama danƙo.

Hanyar da na fi so ita ce, bayan format c: /s a cikin laftof ɗin, a zaro faifan a kai wata kwamfuta, a kwafa masa foldar WIN98 daga CD, a mayar, a tashi DOS, a shiga foldar a rubuta setup. Ribar ita ce ko nan gaba Windows ta nemi faifanta, fayilolin suna nan a ciki.

Tambarin Windows 98 ya fito, sai ta daskare ko ta ce RAM bai isa ba, alhali giga guda na sa.

Yawan ne ya yi mata yawa. Windows 98 takan fara rikicewa in RAM ya wuce megabayit 512, in ya kai giga ɗaya kuma tana iya ƙin tashi da saƙon "Insufficient memory to initialize Windows". Mafi sauƙi ka cire RAM ɗaya. In ba ka so, buɗe system.ini ka ƙara MaxPhysPage=20000 a sashen 386Enh, ta ga 512 kawai. Windows 95 ita da gudun injin take faɗa: AMD K6-2 mai megahaz 350 zuwa sama yakan kayar da ita, har sai da Microsoft ta fitar da gyara.

In ba wannan ba ne, cire duk katin PCMCIA, wato katin da ake zurawa a gefen laftof, danna F8 lokacin tashi, ka zaɓi Safe Mode. In ta shiga, wani direba ne mai laifi, wato manhajar da ke sarrafa wani kayan ciki, galibi na hoto ko na sauti, kuma fayil ɗin bootlog.txt zai nuna wanda aka tsaya a kansa. In kuma kowane tashi a wuri daban take daskarewa, bar Windows ka gwada RAM da manhajar Memtest86, ka kuma duba ko fanka ta toshe da ƙura.

XP tana ba ni shuɗin sikirin mai lamba 0x0000007B.

Ma'anarsa ta rasa hanyar isa faifan da take kai. XP ta fito a 2001, kafin SATA, sabuwar hanyar jona faifai, ya yaɗu, don haka ba ta san tsarin AHCI da laftof na wajen 2006 zuwa sama ke amfani da shi ba. Shiga BIOS ka mayar da SATA zuwa tsohon tsarin IDE, wasu suna rubuta Compatibility. In babu zaɓin, sai a ba ta direba ta F6 lokacin ɗorawa, wanda daga fulofi kaɗai take karɓa, ko a cusa shi cikin CD da manhajar nLite. Faifan da aka ciro daga wata kwamfuta shi ma yakan kawo wannan lamba. "NTLDR is missing" ciwo ne daban: tashi da CD ɗin XP, danna R, ka rubuta fixboot, sannan ka kwafo ntldr da ntdetect.com daga foldar i386 zuwa C.

To yaushe fomatin ya dace?

In BIOS yana ganin faifai da girmansa daidai, RAM ya tsallake gwaji, Safe Mode ma ta ƙi. Kafin nan kwashe foldar direbobi, a ThinkPad da yawa tana nan a C da sunan DRIVERS ko IBMTOOLS, domin kamfanoni da dama sun sauke na tsofaffin samfura daga shafukansu. Kada ka goge ɓoyayyen ɓangaren maido da manhaja in akwai shi, kuma ka ɗauki hoton lambar lasisin da ke manne a ƙarƙashin laftof ɗin tun ba ta gama gogewa ba.