Daidaita launin majigin gida

Daidaita launin majigi shi ne gyara yawan ja, kore da shuɗin da na'urar ke haskawa a kan allo, har fari ya fito fari, toka-toka ya fito toka-toka, ba tare da wani launi ya danne sauran ba. Daga waɗannan launuka uku ake haɗa duk hoton da majigi ke nunawa. In ɗaya ya yi yawa, sai a ga farar riga ta zama kamar wadda aka tsoma a ruwan bula, ko fuskar mutum ta yi kore-kore.

Ma'aunin fari

Farin da masu shirya finafinai ke aiki da shi ana kiransa D65, kuma a ma'aunin launin haske da ake kira kelbin ya yi daidai da kusan 6500, wato kwatankwacin hasken rana tsaka. Shi ne ke cikin ƙa'idar Rec. 709, wadda hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta fitar a 1990 domin talabijin mai tsabtar hoto. In lambar kelbin ta yi ƙasa, hoto yana karkata zuwa ja, in ta yi sama yana karkata zuwa shuɗi. Majigi da yawa suna fitowa daga kanti da fari mai shuɗi-shuɗi, wani lokaci har kelbin 9300, saboda shi ya fi ɗaukar idon mai saye. A menu na majigi mai Faransanci, wanda aka saba da shi a Yamai, zaɓin da aka rubuta Chaud ko Cinéma shi ya fi kusa da D65, ko da yake ranar farko mai kallo yakan ce hoton ya yi ja. Sabo ne kawai.

Yadda ake yi

Ana kunna majigin a bar shi kamar minti 30 ƙwan fitilarsa ya yi zafi, a rufe tagogi, a kashe wuta. Sai a fara gyara duhu da haske kafin a taɓa launi. Maɓallan launin kashi biyu ne: Gain na gyara wuraren da ke da haske, Offset na gyara wuraren da ke da duhu, kuma kowanne yana da na ja, na kore da na shuɗi. Ana haska hoton gwaji mai toka-toka mai haske, kamar kashi 80 cikin ɗari, a gyara Gain, sannan mai duhu, kamar kashi 30, a gyara Offset. Gyaran ɗaya yana motsa ɗayan, don haka sai an yi ta kai da komowa. Masu aikin sukan bar kore yadda yake su juya ja da shuɗi, domin kore ne ke ɗauke da mafi yawan hasken hoto.

Ido shi kaɗai ba ya isa. Cikin ƴan mintuna yakan saba da duk farin da aka ba shi ya ɗauke shi daidai. Shi ya sa ake amfani da ƴar na'urar auna launi da ake jona wa kwamfuta, tare da manhaja irin su HCFR, wadda kyauta ce, ko Calman. Ana auna kuskure da lambar Delta E, kuma abin da bai kai 3 ba da wuya ido ya gane shi.

Gyaran ɓangaren duhu ya fi muhimmanci ga mai kallon finafinan Hausa fiye da yadda ake zato. Baƙar fata tana faɗowa ne a sashen hoto mai ƙarancin haske, saboda haka ɗan kuskuren kore ko ja a nan ya isa ya ɓata kowace fuska, ko da farin rawani ya fito tas.

Yanayin wuri

Bango ma yana da nasa launi. Gidaje da wuraren kallon ƙwallo da dama a Yamai da Tawa suna haska hoto ne kai tsaye a kan bango mai fenti ruwan ɗorawa ko shuɗi, kuma wannan launin yana shiga cikin hoton. Don haka ake auna hasken da ke dawowa daga allo, ba wanda ke fita daga majigi ba. Farin ƙyalle mai kauri da aka miƙe sosai ya fi bango mai fenti nesa ba kusa ba.

Sai ƙura. Lokacin hunturu takan toshe matatar iska, a majigi mai LCD kuma, wato mai haɗa hoto da ƴan farantai uku a cikinsa, takan kwanta a kan farantan, ta bar tabo mai launi wanda babu maɓallin da zai cire shi sai an share. Zafin watan Afrilu da Mayu, da ke haura digiri 40, da ɗaukewar wuta ba zato kafin fanka ta huce ƙwan, duk suna tsufar da shi da wuri. Ƙwan da ya tsufa haskensa yana raguwa, launinsa yana sauyawa, don haka ake sake awo bayan ƴan ɗaruruwan awanni na aiki, da kuma duk lokacin da aka saka sabo. Majigi mai leza ko LED ya fi daɗewa kafin ya buƙaci haka.