Bin Sawun Kakannin da Suka Yi Ƙaura: Tambayoyi da Amsoshi

Wanda kakanninsa suka taso daga wata ƙasa suka zauna a wata yakan girma da guntun labari a hannu: sunan ƙasa ba tare da sunan gari ba, ko tsohon hoto da babu wanda ya san mutanen cikinsa. Wata rana yakan so ya haɗa guntayen. Ga tambayoyin da masu wannan nema suka fi yi.

Daga ina ake farawa?

Daga kanka, sannan ka riƙa komawa baya ɗaki-ɗaki. Ka rubuta abin da ka tabbatar game da iyayenka, sai kakanninka, kowa da cikakken sunansa, da inda aka haife shi, da inda ya rasu. Kuskuren da ya fi yawa shi ne mutum ya ga wani sananne a tarihi mai irin sunan gidansu, sai ya kama ƙoƙarin sauko da zuri'ar mutumin har ta iso gare shi. Mai yin haka ya riga ya yanke hukunci kafin ya ga shaida, kuma duk takardar da ya gani zai karanta ta yadda yake so.

Kafin ka taɓa kowace takarda, je ka zauna da tsofaffin danginka. A ganina wannan shi ne aikin da ba ya jira. Takardar da ta shekara ɗari a rumbun ajiya za ka same ta baɗi, amma goggon da ta san sunan ƙauyen da kakanka ya baro ba ka da tabbacin haka a kanta. Ka nemi izininta ka naɗi muryarta a waya. Kada ka ce "ba ni tarihin gidanmu", don tambaya mai faɗi irin wannan takan jawo amsar da aka saba bayarwa. Tambaye ta ƙananan abubuwa: da wa aka taho, wa aka bari a baya, wa ke aiko wasiƙa, wace sana'a tsohon ya fara yi da ya sauka, da wane suna matarsa ke kiransa. Ka kuma tambayi mutum biyu ko uku daban-daban, kowa shi kaɗai. Inda maganarsu ta saɓa, nan ne sau da yawa bincike yake.

Me ya sa ake matsa wa mutum sai ya gano sunan gari, ƙasa ba ta isa ba?

Saboda a gari ake ajiye rajistar haihuwa da aure da mutuwa, ko a ofishin hukuma ko a wurin ibada. Ƙasa kuma iyakarta tana motsi. Mutumin da aka haifa a birnin Lviv a 1900 an haife shi ne ƙarƙashin daular Ostiriya da Hangari. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya birnin ya koma Poland, daga baya Tarayyar Sobiyet, tun 1991 kuma yana Yukren. Takardu huɗu na mutum ɗaya za su iya nuna ƙasa huɗu, alhali bai yi ƙarya a ko ɗaya ba.

Waɗanne takardu ne ke nuna tafiyar kanta?

Jerin sunayen fasinjojin jirgin ruwa shi ne kan gaba. Tsibirin Ellis da ke bakin tekun New York ya karɓi baƙi fiye da miliyan 12 tsakanin 1892 da 1954, kuma ana iya binciken jerin sunayen a intanet. Na farko-farko ba su ƙunshi bayani mai yawa ba, amma daga 1906 aka fara rubuta garin haihuwa, a 1907 kuma aka ƙara suna da adireshin dangi mafi kusa da mutum ya bari a gida. Wannan layi ɗaya ya buɗe wa iyalai da yawa ƙofa. A ɓangaren tashi, tashar Hamburg ta Jamus ta ajiye sunayen masu fita daga 1850 zuwa 1934, tare da garin da kowa ya fito.

Sai takardun neman zama ɗan ƙasa, da na ƙidayar jama'a. Ƙidaya tana da wa'adin ɓoyewa: Amurka tana sakin bayanan mutane bayan shekara 72, shi ya sa ta 1950 ta fito a 2022. A Ingila da Wales shekara 100 ce, ta 1921 ma a 2022 ta fito. Shafin FamilySearch, wanda cocin Mormon ke gudanarwa, yana ba da damar duba takardu masu ɗimbin yawa daga ƙasashe daban-daban kyauta.

Gaskiya ne jami'an shige da fice ne suka canza wa baƙi sunaye?

Game da Tsibirin Ellis, inda labarin ya fi yawo, masana tarihi sun ce ba haka ba ne. A tashar da jirgi ya taso ake rubuta jerin sunayen, aikin jami'in can shi ne ya duba mutum ya gwada da abin da ke rubuce, kuma akwai tafintoci. Yawanci baƙon ne da kansa ya gajarta sunansa ko ya sauya shi daga baya, don neman aiki ko gudun tsangwama, ko malamin makaranta ya rubuta wa yaro yadda kunnensa ya ji.

Akwai kuma inda sunan iyali sabon abu ne. A Turkiyya sai a 1934 doka ta wajabta wa kowa ya ɗauki sunan iyali, don haka wanda kakansa ya fita kafin lokacin ba zai same shi da sunan da danginsa na can ke amfani da shi yau ba. Ga Sinawan Amurka lamarin ya fi sarƙaƙiya. Dokar 1882 ta hana leburorin Sin shiga, sai girgizar ƙasa da gobarar San Francisco ta 1906 suka cinye takardun haihuwa na birnin. Mutane da dama suka ce a can aka haife su, sannan suka shigo da samari a matsayin 'ya'yansu alhali ba 'ya'yansu ba ne. Jikokin waɗannan samari har yau suna ɗauke da sunan da ba na kakanninsu ba, na ainihin kuwa wani lokaci sai a rubutun Sinanci na kan kabari ake ganinsa.

Idan takardun sun ƙone ko an lalata su fa?

Yana faruwa fiye da yadda ake zato. Yawancin ƙidayar Amurka ta 1890 ta salwanta bayan gobarar 1921. A Dublin, ofishin ajiyar takardun Ireland ya ƙone a yaƙin basasa na 1922, ƙidayoyin 1821 zuwa 1851 suka tafi sai ɓurɓushi. Ƙidayar Ingila da Wales ta 1931 ta ƙone a 1942, ta 1941 kuma ba a yi ta ba saboda yaƙi.

Ba masu bincike kaɗai rashin takarda ke cutarwa ba. Mutanen Karebiyan da suka je Birtaniya daga 1948, waɗanda ake kira zuriyar Windrush da sunan jirgin da ya sauke wasu daga cikin na farko-farkonsu a tashar Tilbury kusa da Landan, bisa doka suka shiga. A 2010 ma'aikatar cikin gida ta lalata katunan saukarsu. Da aka tsaurara dokoki, tsofaffin da suka shafe rayuwarsu a ƙasar aka ce su kawo hujja, wasu suka rasa aiki, wasu aka kore su. Abin ya fito fili a 2018 har ministar cikin gida Amber Rudd ta sauka. Duk wanda ke da takardar shigowar iyayensa a akwati, ya ɗauki hotonta ya raba wa 'yan'uwa.

Inda babbar takarda ta ɓace, sai a bi ta gefe: rajistar makaranta, takardun fili da haraji, sanarwar rasuwa a jarida, takardun soja. Ka kuma bi 'yan'uwan kakanka da maƙwabtansa, domin mutane ba safai suke ƙaura su kaɗai ba. Ɗan gari yakan bi ɗan gari, kuma takardar ƙanin kaka takan ambaci ƙauyen da tasa ta yi shiru a kai.

Waɗanda ba da son ransu aka kwashe kakanninsu ba, su ma suna iya ganowa?

Wannan ne wuri mafi ciwo a duk harkar. Kundin SlaveVoyages, wanda ya tattara bayanan tafiye-tafiye kusan 36,000 na jiragen bayi, ya ƙiyasta mutum miliyan 12.5 aka ɗora daga Afirka, kimanin miliyan 10.7 suka isa da rai. Takardun jiragen adadi suke rubutawa, ba sunaye ba. A Amurka, ƙidayar 1850 da ta 1860 sun jera bayi ƙarƙashin sunan mai su, da shekaru da jinsi da launin fata kawai. Sai a 1870 aka fara rubuta yawancinsu da sunayensu. Mai son ya wuce wannan shekara zuwa baya dole ya nemi kakanninsa a cikin wasiyyar mai bayi da lissafin gadonsa, inda aka jera su tare da dabbobi da kayan ɗaki. Mutane suna yin wannan aiki, kuma suna samun sunaye. Takardun hukumar kula da 'yantattun bayi, wadda ta yi aiki daga 1865 zuwa 1872, sun ƙunshi rajistar aure da yarjejeniyar ƙwadago da ke taimakawa ƙwarai.

Indiyawan da Birtaniya ta kwasa aikin ƙwadago na yarjejeniya daga 1834 har aka dakatar da tsarin a 1917, zuwa Mauritius da Guyana da Trinidad da Fiji da Natal ta Afirka ta Kudu, nasu ya ɗan fi sauƙi. Takardar fitar kowane lebura takan nuna sunansa da na mahaifinsa da ƙauyensa da gundumarsa. Ga waɗanda 'yan Nazi suka tarwatsa kuwa, rumbun Arolsen da ke Jamus yana da bayanai kan mutane kimanin miliyan 17.5.

Gwajin DNA, wato na ƙwayoyin halittar da mutum ke gada daga iyaye, ba zai taƙaita duk wannan wahala ba?

Zai taimaka, amma ba ta inda talla ke nunawa ba. Gwajin iri uku ne. Akwai mai bin layin uba zalla, wanda maza kaɗai ke iya yi. Akwai mai bin layin uwa zalla. Kowannensu zare ɗaya yake bi cikin zarurruka masu yawa: idan ka koma baya hawa goma, guraben kakanninka 1,024 ne, gwajin layin uba kuma labarin ɗaya kawai zai ba ka. Na uku, wanda aka fi saye, yana duba abin da ka gada daga ɓangarorin biyu. Rabi daga uwa, rabi daga uba, kusan kashi 25 cikin ɗari daga kowane kaka, haka yake raguwa har ya kai wasu kakannin na nesa ba ka ɗauke da komai nasu da za a iya ganewa, ko da yake kakanninka ne na haƙiƙa.

Alƙaluman nan da ke cewa kashi kaza na jininka daga yanki kaza yake ƙiyasi ne. Kamfani yana gwada ka ne da mutanen da ke raye yau waɗanda ya tattara samfurinsu, shi ya sa kamfani biyu za su ba ka sakamako biyu, kuma kamfani ɗaya zai sauya naka idan ya sabunta rumbunsa. Turawa ne suka fi yawa a waɗannan rumbuna, don haka sakamakon ɗan Afirka ko Asiya yakan fi zama dunƙule. Ban ga dalilin da mutum zai sauya yadda yake kallon kansa saboda irin wannan lamba ba.

Amfanin gwajin na gaske shi ne jerin dangin da yake haɗa ka da su. 'Ya'yan wa da ƙani suna tarayya a kusan kashi 12.5 cikin ɗari, kuma irin wannan kusanci ba a kuskure shi. Ɗan'uwan da reshensu bai taɓa barin tsohon gari ba yana iya riƙe da sunan da kai ka rasa.

Akwai haɗari a ciki?

Akwai. Gwajin yana tona abin da iyali suka rufe: uban da ba shi ne uba ba, ko ɗan da ba a san da shi ba. Sannan jininka ba naka kaɗai ba ne, idan ka bayar ka bayar da wani ɓangare na 'yan'uwanka da ba su amince ba. A 2018 'yan sandan California sun gano wani mai kisan kai da aka daɗe ana nema ta hanyar danginsa na nesa da suka ɗora bayanan DNA ɗinsu a shafin neman dangi na GEDmatch. A 2023 masu kutse sun kai ga bayanan mutum kusan miliyan 6.9 na kamfanin gwajin DNA mai suna 23andMe, a 2025 kuma kamfanin ya shigar da takardar fatara. Ka karanta sharuɗɗan kafin ka aika, ka kuma yi shawara da na kusa da kai.

Idan labarin da aka gada ya saɓa da takarda, wanne za a ɗauka?

An ce gani ya kori ji, amma a nan ba kullum ba. Takarda ma mutum ne ya rubuta ta, kuma abin da aka faɗa masa ya rubuta. Yaro ya ƙara wa kansa shekaru don a bar shi ya hau jirgi, maƙwabci ya amsa wa mai ƙidaya a madadin mutanen gida. Abin dubawa shi ne wa ya ba da bayanin, yaushe, kuma me zai samu idan ya karkatar. Takardar da aka rubuta ranar da abu ya faru ta fi wadda jika ya cike bayan shekara sittin. Labarin baka kuma yakan riƙe ainihin abin da ya faru ya rikita lokaci, ko ya haɗe kaka biyu masu suna ɗaya su zama mutum guda. Ka rubuta duka biyun, kowanne da inda ka samo shi, don na bayanka su iya sake dubawa.

Gano asali yana ba mutum haƙƙin zama ɗan waccan ƙasa?

A wasu ƙasashe, i, amma da takardun hukuma, ba da sakamakon DNA na kamfani ba. Ireland tana ba wanda aka haifi kakansa a can damar rajista. Jamus, ƙarƙashin sashe na 116 na kundin tsarin mulkinta, tana maido da ɗan ƙasanci ga zuri'ar waɗanda 'yan Nazi suka ƙwace wa nasu tsakanin 1933 da 1945. Sifen ta yi doka a 2015 domin zuri'ar Yahudawan da aka kora a 1492, aka rufe karɓar buƙatu a 2019. Italiya, wadda a da ba ta sa iyakar hawa ba, ta taƙaita abin a 2025 zuwa mai uba ko uwa ko kaka ɗan ƙasar. Abin da ake nema kusan ko'ina ɗaya ne: takardar haihuwa da ta aure ta kowane hawa, daga kai har zuwa wanda ya yi ƙaurar, ba tare da giɓi ba, kuma inda rubutun suna ya bambanta tsakanin takarda da takarda sai an kawo hujjar cewa mutum ɗaya ne.