Ruwan wanka da wanke-wanke: a tace shi da kachalla da jema kafin ya fita lungu

A yawancin unguwannin Katsina da Daura, rariyar gida a lungu take zubewa. Ruwan wanka da na wanki da na wanke-wanke su taru su zama baƙar kwata, sauro ya samu wurin ƙwai, gindin katanga ya jiƙe, maƙwabta su yi ta faɗa. Gidan da ke da ɗan fili zai iya tace ruwan nan da ramin tsakuwa da ciyawar fadama. Amma banda ruwan masai, banda wanda aka wanke kashin yara da shi. Waɗannan masai za su.

Gidan mutum takwas da ke zubar da jarka takwas mai lita 25 a rana, wato lita 200, ramin da zai ishe shi shi ne mai tsawon mita 4, faɗin mita 1, zurfin santimita 60. Idan aka cika shi da tsakuwa, kusan kashi ɗaya cikin uku ne ya rage wa ruwa, don haka ruwan zai yi kamar kwana uku zuwa huɗu yana ratsawa kafin ya fita. A ɗan karkata ƙasan ramin, santimita ɗaya a kowace mita. Ƙasarmu jigawa ce, tana shanye ruwa nan take, saboda haka dole a shimfiɗa leda mai kauri ko a shafe da siminti. A nisanta shi da rijiya kamar mita 30, kada kuma a manna shi da katangar ƙasa.

A bakin shiga da bakin fita a zuba manyan duwatsu kamar dunƙulen hannu, tsakiya kuma tsakuwa wankakkiya mai girman gyaɗa zuwa goro. Wanda ya zuba tsakuwa da ƙurarta ya toshe ramin da hannunsa tun ranar farko.

Magana mafi muhimmanci: kada a ga ruwa a sama. A sa gwiwa, wato lanƙwasasshen guntun fayif, a fayif ɗin da ruwa ke fita daga ramin, a daidaita bakinsa yadda ruwan zai tsaya santimita 5 zuwa 10 ƙasa da saman tsakuwa. Sauro ba ya iya kaiwa gare shi, wari ba ya tashi, yaro ba ya tsoma hannu. Shi ya sa ba ma ba da shawarar kainuwa, duk da tana tace ruwa: sai a buɗaɗɗen ruwa take rayuwa, kuma akwai sauron da 'ya'yansa ke maƙalewa a saiwarta.

A dasa kachalla ko jema, gindi huɗu zuwa shida a kowace murabba'in mita, da saiwarsu, ta taɓa ruwa. Mutane na zaton ciyawar ce ke shanye dattin. Tana ɗaukar wani abu, amma babban aikin na ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, waɗanda ke manne a jikin tsakuwa da saiwa suna cinye sabulu da ragowar abinci. Kachalla tana tura musu iska ta cikin kararta. Sai an ba su wata biyu zuwa uku kafin aiki ya kankama, kada a yi gaggawar cewa bai yi ba.

Abin da ya fi kashe irin wannan rami maiƙo ne. Manja da man gyaɗa da guntun tuwo da yashi ko tokar da uwargida ke goge tukunya da su, duk su liƙe tsakanin duwatsu, ruwa ya rasa hanya ya hau sama. Maganinsa a kafa ganga mai murfi tsakanin rariya da ramin, da raga a bakinta. Fayif ɗin da ke fita daga gangar ya lanƙwasa ƙasa ya ɗebi ruwa daga tsakiya, domin mai yana tasowa sama, yashi yana kwanciya ƙasa. A kwashe su duk mako. Idan duk da haka bakin ramin ya toshe, a tone duwatsun farko a wanke a mayar. Ruwan bilic mai yawa, da na rini, da baƙin mai suna kashe halittun nan, kada su shiga.

A kewaye wurin saboda awaki, a yi masa ɗan tudu kada ruwan damina ya kwararo da laka. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, ciyawar na iya shanye ruwan har ɗan kaɗan ya fito. Ba lalacewa ba ce.

Kachalla kuwa a yi hattara da ita. Ita ce ta toshe hanyoyin ruwa a fadamar Hadeja da Nguru. A yanke kanta kafin ya bushe iska ta kwashi irin, kada kuma a zubar da saiwarta kusa da dam irin na Ajiwa ko Jibiya. Jema ba ta da wannan ɓarna, ga shi ana saƙa da ita.

Ruwan da ya fito ko ya yi garau ba na sha ba ne, ba na alwala ba, ba na latas ko kabeji da ake ci ɗanye ba. A kai shi gindin ayaba, gwanda, zogale ko bedi a ranar da ya fito, domin in ya kwana biyu a bokiti wari zai dawo.