Salon Wasa a RimWorld

Salon wasa a RimWorld shi ne tafarkin da ɗan wasa ya ɗauka wajen kafa matsuguninsa da ciyar da mutanensa da kare su daga mahara. RimWorld wasan kwamfuta ne na gina matsuguni da neman tsira, wanda kamfanin Ludeon Studios na birnin Montreal a ƙasar Kanada ya ƙirƙira a ƙarƙashin jagorancin Tynan Sylvester. An nemi kuɗin haɗa shi a dandalin Kickstarter a shekarar 2013, ya shiga Steam, kasuwar sayar da wasannin kwamfuta ta intanet, a 2016 tun bai kammala ba, cikakkensa kuma ya fito ranar 17 ga Oktoba, 2018. Labarin ya faru ne a wata duniya mai nisa a bakin sararin samaniya, inda wasu tsirarun mutane suka tsinci kansu ba gari ba hukuma.

Waɗanda suka ƙirƙiri wasan ba su kira shi wasan cin nasara ba, sun ce injin haifar da labari ne. Shi ya sa babu salo ɗaya da za a ce shi ne daidai. Amma akwai doka guda da ta hau kan kowane salo: yawan dukiyarka shi ne yawan maƙiyanka.

Zaɓin da ake yi kafin a sauka

Rabin salon mutum yana yankuwa ne tun a shafukan farko, kafin a sare itace ko guda. Na farko shi ne yadda labarin zai fara. A farawar da aka fi sani, mutum uku ne suka tsira daga jirgin sama jannati da ya tarwatse, suna da ɗan abinci da magani da makamai kaɗan da dabba guda. Akwai ta ƙabilar da aka tarwatsa, mutum biyar masu kwari da baka, waɗanda ba su san lantarki ba, binciken ilimi kuma yana yi musu nauyi. Akwai ta attajirin matafiyi shi kaɗai da kayan zamani. Sai wadda ta fi kowace tsanani, mutum ɗaya tsirara, ba riga ba wuƙa. Mai mutum biyar yana saurin noma da gini amma yana daɗewa a duhu, attajirin kuwa yana da komai sai abokin da zai ɗauke shi idan ya faɗi.

Na biyu shi ne mai ba da labari, wato manhajar da ke yanke lokacin da hari ko annoba ko fatake za su zo. Su uku ne. Cassandra Classic tana ƙara matsi a hankali, ta buga sannan ta ba da hutu. Phoebe Chillax tana barin tazara mai tsawo tsakanin masifa da masifa. Randy Random ba shi da tsari, zai iya yi maka ruwan kyauta daga sama yau, gobe ya haɗa maka hari da gobara da zazzaɓi a rana ɗaya. Sabbin shiga sukan ruga wurin Phoebe da zaton ita ce mai sauƙi, alhali sauƙinta na yawan zuwa ne kawai. Tana barin mutum ya yi ƙiba ya manta da ganuwa, ranar da harin ya zo kuma da girmansa yake zuwa.

Daga nan sai matakin wahala, wanda ya tashi daga na zaman lafiya har zuwa na ƙarshe mai suna "faɗuwa ma daɗi ce", kirarin da aka aro daga Dwarf Fortress, tsohon wasan da 'yan'uwa biyu, Tarn da Zach Adams, suka fitar a 2006 kuma RimWorld ya sha nononsa. Akwai kuma zaɓi tsakanin ajiye wasa a koma baya duk sanda aka so, da tsarin da ba a komawa, wanda ya mutu ya mutu. Wannan ƙaramin zaɓi yana sauya halin ɗan wasa fiye da duk sauran. Wanda ya san ba zai iya maido da likitansa ba, ba ya tura shi farautar giwa.

Ƙasa ma tana da nata hukuncin. Shekarar wasan kwana 60 ce, kashi huɗu na kwana goma sha biyar-biyar. A dajin da ke da matsakaicin yanayi ana noma mafi yawan shekara ko dukanta. A kurmi mai zafi abinci ba ya yankewa amma cututtuka sun fi yawa. A hamada ƙasar noma ce ke wuya. A kan ƙanƙara kuwa babu abin da ke tsirowa a waje, dole sai noman cikin ɗaki da fitilar lantarki mai maye gurbin hasken rana, wadda ita kaɗai take shan wat 2,900, yayin da injin da ake kafawa a kan tururin ƙasa yake ba da 3,600. Idan guguwar rana ta kashe lantarki, shukar da ake nomawa a kwandunan ruwa masu aiki da lantarki tana fara lalacewa nan take.

Dukiya da hari

Mai ba da labari yana lissafa ƙarfin kowane hari ne daga darajar abin da matsuguni ya mallaka da kuma yawan mazaunansa. Kayan da ke ajiye da dabbobi da mutanen kansu duk suna shiga lissafi, gine-gine kuma ana ɗaukar rabin darajarsu. Tulin azurfa da ke kwance a sito ba ya harba bindiga, amma yana ƙara yawan masu zuwa. Haka ma zukatan mazauna: a farkon zama, da ba su da komai, suna haƙuri da kwana a ƙasa, amma da arziki ya ƙaru sai su fara son ɗaki mai kyau da abinci mai daɗi. Wasan yana rage wa mutum farin ciki don kawai ya ci abinci ba a kan tebur ba, abin da ya zama abin barkwanci a tsakanin masu buga shi. Idan ran mazauni ya ɓaci ƙwarai, yana iya shiga yawo ba hayyaci, ko ya afka wa rumbu, ko ya cinna wa gida wuta in dama yana da halin son gobara.

Daga nan 'yan wasa suka rabu. Wasu suna danne dukiyarsu da gangan, suna rabar da rarar kaya ga ƙabilun maƙwabta don sayen zumunci. Wasu suna barin ta ta hau, su mai da kowane ƙwabo makami.

Manyan salo

Mafi shahara shi ne shiga tsauni. Ana haƙa ɗakuna a cikin dutse, inda rufin tsauni ke tare harsashin igwa, kuma maharan da ke faɗowa daga sama ba sa iya sauka ta cikinsa. Dutse ba ya cin wuta. Sai dai a ƙarƙashin irin wannan rufi ne manyan ƙwari ke ɓullowa daga ƙasa, wani lokaci a tsakiyar ɗakin kwana ko asibiti. Haƙa kuma tana cin lokaci, mazaunan da suka daɗe ba su ga sarari ba su ma sukan ƙosa.

Mai tsauni kusan kullum yakan haɗa da abin da za a iya kira zauren mutuwa. Ana zagaye matsuguni da ganuwa a bar ƙofa ɗaya a buɗe, domin mahara sun fi bin hanyar da ba ta da shinge. Sai su shigo ta wani siririn lungu mai lanƙwasa da aka shimfiɗa wa tarkuna, su fito ɗaya bayan ɗaya a wani fili da ba shi da maɓoya, inda mutum shida ko bakwai ke jiransu a bayan buhunan yashi. Dabarar tana aiki har ta kai wasu na ganin ha'inci ce. Waɗanda suka ƙirƙiri wasan sun mayar da martani da maharan da ke fasa bango su yi tasu ƙofar, da masu kafa igwa daga nesa su yi ta jifa. A gaskiya zauren yana ceton rai, amma yana mai da yaƙi aikin yau da kullum, kuma wanda ya dogara da shi kaɗai, ranar da aka shigo masa ta baya ba ya da ta cewa.

Kishiyarsa shi ne buɗaɗɗen ƙauye: gidaje daban-daban, hanyoyi a tsakani, gonaki a gefe. Ya fi kyan gani, ya fi kuma jawo makoki. Manomin irin wannan ƙauye yakan fara da shinkafa don saurin nunarta, ya koma masara mai daɗewa amma mai yawan amfani da ƙarancin aiki, ya sa dankali inda ƙasa ke da tsakuwa. Ɗakin sanyi shi ne zuciyar gidan, domin in ya lalace a tsakiyar zafi, naman shekara na iya ruɓewa cikin 'yan kwanaki.

Akwai makiyayi. Tun sabuntawar 2021 dabbobin kiwo sai da garke mai shinge, in ba haka ba su yi gaba. Raƙumi yana ba da nono yana ɗaukar kaya, akwai kuma wata dabba ta ƙirƙira mai suna muffalo da ake aske wa gashi. Wata kuma, boomalope, man fetur ake tatsa daga gare ta, amma idan ta mutu fashewa take yi, don haka ba a ɗaure ta kusa da rumbun katako. Matsalar makiyayi ita ce hunturu: garken da ya hayayyafa da damina sai ya cinye harawa ya koma kan abincin mutane.

Bafatake kuwa yana ƙera abin sayarwa, kamar sassaƙe-sassaƙe da tufafi da giya da ƙwayoyi, ya ɗora wa ayari zuwa garuruwan wasu. Mai yawo ya wuce nan, ba ya kafa gida mai ɗorewa sam.

Sai salon da ya ba wasan mummunan suna da kuma farin jini a lokaci guda. Wasan yana ba da damar cire ƙoda ko huhun fursuna a sayar, ko a ci naman mutum, ko a ɗinka hula da fatarsa. Ba kyauta ake yi ba: mazauna masu lafiyayyar zuciya suna shiga damuwa na kwanaki, ƙabilar fursunan kuma tana ƙullata. A 2022 hukumar tace wasanni ta Ostareliya ta hana wasan lasisi saboda yadda ya nuna shan ƙwaya, daga baya aka sake duba hukuncin aka ba shi izini ga manya kawai.

Abin da ƙare-ƙare suka kawo

Kowane ƙarin da kamfanin ya sayar ya buɗe sabuwar hanya. Royalty na 2020 ya kawo sarauta da muƙamai, inda basarake ke ƙin wasu ayyukan hannu yana neman fada da karaga. Biotech na 2022 ya kawo haihuwa da renon yara da sauya ƙwayoyin halitta, da kuma mutum ɗaya mai sarrafa rundunar mutum-mutumi. Anomaly na 2024 ya karkata ga ban tsoro, Odyssey na 2025 kuma ya ba mai yawo jirgin da zai zama gidansa. Amma Ideology na 2021 ne ya fi taɓa batun salo kai tsaye, domin ya mai da shi aƙida. Ɗan wasa yana rubuta wa mutanensa abin da suka yi imani da shi, wasan kuma ya riƙe shi a kan maganarsa. Al'ummar da ta ɗauki kai hari a matsayin ibada tana shiga ƙunci idan aka daɗe ba a fita ba, mazauna rami kuma suna cin naman gwari da daɗi, abin da wasu ke ƙyama. Dubban gyare-gyaren da 'yan wasa ke haɗawa da kansu su ɗora a Steam Workshop sun ƙara faɗaɗa wannan.

Hanyar fita ta asali ita ce gina jirgin da zai bar duniyar. Kunna injinsa yana ɗaukar kwana 15, kuma a cikinsu hare-hare ba sa tsayawa. A nan ne mai ƙauye ba ganuwa da mai danne dukiya suke gane ko tsarinsu zai ɗauki nauyi. 'Yan wasa da dama ba sa ma gina jirgin, sukan zauna har matsugunin ya rushe ko su gaji su sake sauka a wata ƙasa.